Ɗaki Mai Taya Huɗu

"...to ya ƙarfin jiki, angona? Ka tashi lafiya, ko gwiwoyin sun sake kai ƙararka?"

"Lafiya lau na tashi, sai da aka jawo mini gwangwani ƙofar gida. Latifa, ke ce, ko masu sayen ruɓaɓɓen ƙarfe ne suka shigo layi?"

"Masu sayen ƙarfe ne. An ce mana akwai wani tsohon kamyo a gidan nan, ba fitila, ba taya, sai hon. Shi muka zo ɗauka."

"Hon ɗin ma ya fi ƙarfinki, 'yar nema."

Malam Ɗanjuma yana zaune kan tabarmarsa a bakin zaure, a unguwar Bukoki ta birnin Yamai. Tun kafin motar ta shawo kwanar masallaci ya ji ta. Idanunsa sun daɗe da juya masa baya, haske da inuwa kawai suke ba shi, lokotoron asibiti kuma ya ce ciwon ba na aiki ba ne. Amma kunnen tsohon shofer bai tsufa ba. Injin gazwal ne, mai kaurin murya, an kuma gyara shi da kyau. Wannan ya sani tun daga nesa, sai dai ko za a yanka shi ba zai faɗa ba.

Ƙuruciyarsa da ƙarfinsa duk a hanya suka ƙare, yana jan kamyo tsakanin Yamai, Tawa da Agadas. Yau tafiyarsa mafi nisa ita ce daga tabarma zuwa sahun gaba a masallaci.

Latifa jikarsa ce, ɗiyar Ramatu, 'yarsa ta fari da ke riƙe da shi a gidan. Likitar dabbobi ce. Ita da mijinta Isma'il suka sayi wata tsohuwar mota katkat, irin ta shiga daji, mai dogon jiki, suka fidda kujerun baya, suka shiga mai da cikinta ɗaki. Nufinsu su bi makiyaya can arewa, tana yi wa garke allura, su kwana duk inda rana ta faɗi musu. Da Ramatu ta ji, magana ɗaya ta yi: ba inda za a je sai Baba ya ce to. Shi kuwa Baba tun daga ranar yake zillewa. In an kawo zancen sai ya tuna bai yi alwala ba.

"Tashi ka ga ɗakina," in ji Latifa. "Jiya Yakuba mai walda ya ɗaure ƙarfen ƙarshe."

"In gani? Da wane idon? Gwalo kika zo yi wa makaho da sassafe?"

"Hannunka ai bai makance ba. Ranar da na ɓoye tsire cikin jaka, daga zaure ka lalubo shi."

"Hanci ne wannan, jahila. An kai ki lakwal karatu an dawo da ke, ba ki bambanta hanci da hannu. Kaiton shanun da za su faɗa hannunki."

Ta kamo tafinsa ta ɗaga shi. Ya miƙe yana mita, yana kiran sunan ƙugunsa da gwiwarsa ɗaya bayan ɗaya kamar masu laifi. Amma da ta ɗora hannun nasa a jikin motar, sai mitar ta tsaya. Ƙarfen da ɗumi. Ya bi shi da yatsu har ya sauka kan taya, ya tura ɗan yatsa cikin haƙoranta, ya ji zurfinsu. Ya shaƙi warin gazwal da na sabon fenti, ƙirjinsa ya buga irin bugun da ya manta da shi.

"Taya kamar ta tarakta," ya ce. "Noma za ki yi?"

"Kai zan ja in ka ƙi tafiya masallaci."

Hannunsa ya ci karo da wasu dogayen faranti biyu na ƙarfe, masu huji-huji, an ɗaure su a gefe. Ya san su. Tol ne, waɗanda ake cusawa ƙarƙashin taya in mota ta kafe cikin rairayi.

"Ashe tun ba ki tashi ba kin shirya kafewa."

"Kai ba ka taɓa kafewa ba?"

"Ni? Ɗanjuma? Rairayi ya san ni, yarinya. In ya jiyo ƙarar kamyona daga nesa, kwanciya yake ya daskare har in wuce. Tol ɗina tsatsa ta cinye su, ban taɓa kwance su ba."

"Allah dai yana jin ka, ga shi kuma yanzu ka fito daga sallar asuba."

Ta buɗe ƙofar gefe, ta ɗora ƙafarsa kan matakala. Yana shiga ya ƙume goshi da wani akwatin katako da aka kafe a sama.

"Wash! Akurkin kaji ne kika kira ɗaki?"

"Ɗaki ne na masu ladabi. Sai ka sunkuya kake shiga. Shi ya sa ya gane ka."

Ciki yana ƙanshin sabon katako. Ta riƙa kai hannunsa wuri-wuri. Ga benci mai katifa, in an jawo shi ya zama gado. Ga murhun gaz an ɗaure shi da ƙarfe don kar ya yi tsalle a gargada. Ga ɗan kwano na wanke hannu, in ka taka wani abu a ƙasa ruwa ya fito daga tankin da ke ƙarƙashin benci. An shimfiɗa soso a bayan katakon bango saboda zafi, an sa raga a tagogi saboda sauro. Ya taka abin ruwan, ruwa ya fantsamo masa a hannun riga.

"Mota mai fitsari! Wanga abu mai sanyi fa, mine ne?"

"Firigo. Na maganin allura."

"Shanu da firigo, kakanki da randa. Wutar daga ina?"

"Daga rana. Akwai pano biyu a kan rufi."

"Ranar da ta gasa mu har muka ƙone, ke ita za ta sanyaya miki ruwa? To har rana ta koyi munafunci."

Ya zauna kan bencin, ya danna katifar da tafin hannu, ya yi tsaki.

"Mu a zamaninmu ƙarƙashin kamyo muke shimfiɗa tabarma. Kunama ta zo ta gaishe ka ta wuce."

"Ta gaishe ka, ko ta ɗanɗana ta tofar?"

"Shi wannan ɓarawon da ya sace mini ke, Isma'il, ina zai kwanta?"

"Nan gefena."

"Mai tsawon giginya? Sai dai ki buɗe ƙofar baya ƙafafunsa su kwana waje, kura ta samu karin kumallo. In ta cinye shi ki dawo, ɗakinki na nan, ban sa kowa ba."

"In dawo wa? Miji ba haƙori, ba ido, sai baki? Ko sadaka aka ba ni kai sai na nemi ciko."

Ya yi dariya har ya dafa gwiwa. Sai ya ji ta zauna kusa da shi, katifar ta lotsa. Muryarta ta sauka.

"Kaka, an gama. Damina ta ɗauke, ana jira na. Inna ta ce sai ka ce to."

"Na ji."

"To me ya rage?"

Ya lalubi abin da zai faɗa. Alwala ba za ta yi ba yanzu, hantsi ma bai dubi ludayi ba. Sai ya ce, "Ni ba na yi wa mota shaida tana tsaye. Ko jaki in yana tsaye ka ce doki ne."

Ya ɗauka ya tsira. Kafin ya rufe baki ta fiddo shi, ta zagaya da shi, ta tura shi kujerar gaba, ta ja ɗamarar kujera ta ɗaure shi tamau. Daga cikin gida ya ji takun Ramatu da sauri.

"Ke Latifa! Ina za ki kai mini uba?"

"Kasuwar dabbobi, Inna. In ga ko za a musanya mini shi da ɗan akuya."

"Allah ya shirye ki. Ki dawo da shi kafin azahar, bai sa maganin idonsa ba. Baba, ka riƙe da kyau, ka ji? Sannu, Baba."

Sannu, Baba. Kullum haka. Tun da matarsa Tabawa ta rasu, idon kuma ya bi bayanta, kowa a gidan yake yi masa magana kamar ana ɗauke da ƙwai. Sannu da zama, sannu da tashi, sannu da tari. Mutum ɗaya ce ta rage a duniya mai kallon sa ta kira shi ruɓaɓɓen ƙarfe, ita ce kuma take neman ya sallame ta da bakinsa.

Motar ta tashi. Bai ga komai ba sai haske yana wucewa yana dawowa, amma garin duk yana shigo masa ta kunne da hanci. Ga hayaniyar 'yan taksi, ga ƙaurin masu suyar ƙosai, ga wani mai amalanke yana zagin wani da Zabarmanci. Yana jin lokacin da take sauya bitas, wato giyar mota, yana lissafawa a ransa, ƙafarsa ta hagu tana danna ƙasan mota ba da saninsa ba.

"Kin makara da ta uku."

"Kai ka makara da aski."

Sai iska ta sauya. Ta yi sanyi, ta zo da ƙarnin kifi da danshin laka. Tayoyi suka fara wani gab-gab a kan mahaɗan ƙarfe.

"Gada," ya ce a hankali. "Mun hau gulbi."

"Harobanda za mu. Fidda hannunka ka gaisa da dorina, danginka ne."

Ya fidda hannun ta taga. Iska ta cika masa tafi, ta tura shi baya. Ya manta rabon da iska ta tura masa hannu. Ya bar shi a waje.

Can ya ce, "Hanyar nan ba yadda na bar ta take ba, Latifa. Ina sauraron rediyo."

"Na sani. Ba mu kaɗai za mu tafi ba, da ayarin ma'aikatarmu za mu bi. Ba ma tafiyar dare, ba ma wuce inda hukuma ta ce a tsaya. Makiyayan kuma sun san ni, na yi musu aiki a nan kusa."

"Hm."

"Ba shi ke nan ba, ko?"

"Ki kalli gabanki, kar ki taka wa mutane tumaki."

Gudron ya ƙare, suka hau jar hanya mai tsakuwa, kwanuka suna ta kacau-kacau a baya. Hayaniya ta ragu, ta ragu, har ta ɗauke. Motar ta karkata, ƙasa ta yi santsi a ƙarƙashinsu, sannan ta tsaya. Injin bai mutu ba. Ya ji ta fita, ta zagayo, ta buɗe ƙofarsa ta kwance ɗamarar.

"Sauko. Koma kan bolan, kai za ka tuƙa."

"Kin haukace?"

"Fako ne, Kaka. Shimfiɗe yake kamar faifai, iyakar ganina ba mutum, ba akuya, ba kututture. Ni ce idonka. Hannuna yana kan birkin hannu."

"In uwarki ta ji..."

"Wa zai faɗa mata? Kai da ba ka ga komai ba?"

Ta zaunar da shi, ta ɗora hannayensa kan bolan. Rawar injin ta biyo ƙarfe ta shiga tafinsa, ta haura har kafaɗa. Ya damƙe bolan ɗin da ƙarfi. Ƙafafunsa kuwa ba su nemi izininsa ba, da kansu suka sami wurarensu.

"Bismillahi," ya ce, ya sa bitas ta ɗaya.

Motar ta ɗan zabura, sannan ta miƙa.

"Wayyo, za a kashe ni ban haihu ba! Dama kaɗan. Damarka, tsoho, ba ta maƙwabci ba!"

"Rufe mini baki, karen mota. A kamyona da tuni na sauke ki."

"Karen mota mai digiri. Miƙe haka. Miƙe. Yawwa, angona!"

Ya sa ta biyu. Ya saurari injin, ya ba ta wuta, ya sa ta uku a daidai lokacin da ya kamata, ba gargada ko kaɗan. Iska ta shigo ta taga ta cika masa riga. Hasken da ke gabansa fari ne fat, ba iyaka, kuma dama can haka hanyar arewa take da tsakar rana, fari ba iyaka.

"Mi ke gabana?"

"Fako. Can nesa duwatsu masu shafaffen kai. Sai wata aduwa guda a hagu, ta yi nisa."

"Ƙarya kike. Wagga hanyar Agadas ce. Mun baro Tawa tun da safe. Ga raƙuma can suna tsallakawa, ba ki gan su ba?"

Ta ce, "Na gan su. Har da wani tsoho mai taurin kai a gaba, kamar ku ɗaya."

"Shi ne shugabansu. Gaishe shi."

Suka yi ta zagaya fakon, tana kiran dama da hagu, yana kiran sunayen garuruwa da rijiyoyi, da inda ake sayar da cuku mai kyau, da inda wata mata take dafa shinkafa da wake da ba a taɓa yin irinta ba. Hawaye suna bin kuncinsa, ya ce iska ce, ita kuma ta ce lalle iskar yau da yaji.

"To rage, Kaka. Akwai kori a gaba, busasshen rafi, rairayi ne. Juya hagu mu koma."

"Mai zurfi?"

"Ba gangare, amma da laushi. Juya."

"Na ce miki rairayi ya san ni."

"Kaka..."

Ya rage wuta, amma bai juya ba. Ita ma ba ta ja birkin ba. Tayoyin gaba suka faɗa cikin laushi, bolan ya yi nauyi a hannunsa. Ya ba ta wuta. Motar ta yi nishi, ta ja jiki kamar taku biyar, ta tsaya. Ya ƙara wuta, ya ji tayoyin baya suna juyawa a wuri ɗaya, suna watsa rairayi, bayan motar yana zama a hankali kamar raƙumi zai durƙusa. Ya ɗaga ƙafa. Injin ya mutu.

Shiru. Wata kurciya tana kuka can nesa.

"Ikon Allah," in ji Latifa. "Ashe wannan rairayin baƙo ne, bai samu labarinka ba."

"Rairayin Zabarmawa ne. Ba ya jin Hausa."

"Da ka gaishe shi da yarensu, ka ce masa fofo."

"Motar ce ba ta da ƙashi. An cika mata ciki da gado da tukwane, ina za ta iya gudu?"

Ta sauko da shi tana ƙyalƙyala dariya, ta zaunar da shi a inuwar gaɓar korin. Ya zauna yana huci, ya kasa kunne, ya shirya ba da umarni. Ya buɗe baki zai ce ta rage iskar taya, sai ya ji tsiii, ta riga ta fara. Ta bi su huɗun ɗaya bayan ɗaya. Zai ce ta kwashe rairayin gaban taya, sai ya ji felu yana shiga yana fita, tana numfashi sama-sama, ba ta tsaya ba. Ya ji ƙarar tol da ta kwance, ya ji ta cusa su tana dokawa da ƙafa. Ya ji ta durƙusa ta murɗa makullan tayoyin gaba. Duk abin da ya zo bakinsa sai ya tarar hannunta ya riga shi. Daga ƙarshe ya rufe bakin, ya tura yatsunsa cikin rairayi. Saman da zafi, ƙasan da sanyi. Ya ɗebo ya bar shi yana zuba ta tsakanin yatsu, ya sake ɗebowa.

Injin ya tashi. Ba ta yi masa ihu ba, lallaɓa shi ta yi da ƙaramar bitas. Tol suka yi ƙara, motar ta ɗago, ta taka a hankali har ya ji tayoyin sun kama ƙasa mai tauri a hayin korin.

Ta dawo ta kwashi kayanta, sannan ta zo ta tsaya a kansa, inuwarta ta rufe masa haske.

"To, mai rairayi?"

"Sa'a ce."

"Tashi ka sha shayin sa'a."

A cikin ɗakin nata ta zaunar da shi, ƙofar gefe a buɗe. Ya ji fuu ɗin gaz, ya ji ƙanshin ganyen shayi, ya ji tana zuba shi daga sama yana kumfa a ƙaramin kofi. Ya kurɓa.

"Shayin gaz. Ba hayaƙi, ba toka, ba albarka."

"Kawo in zubar."

"Bar shi, kar a yi asara."

Ya shanye, ya miƙa kofin a ƙara. Ya daɗe yana juya na biyun a hannu kafin ya yi magana.

"In kin tafi, wa zai zage ni?"

"Zan bar wa Inna sallahu."

"Ramatu? Wadda in na yi atishawa sai ta ce in kwanta? Gidan nan kowa ya riga ya yi mini ta'aziyyar kaina, Latifa. Ke kaɗai ce ba ki zo gaisuwar ba."

Ta ce, ba wasa a muryar, "To zo mu tafi. Wallahi da gaske nake. Ga gado, Isma'il ya kwana a kan rufi. Ka zauna gaba kana faɗa mini na makara da ta uku har Ingal."

Abin da yake tsoron ta faɗa ke nan, shi ne kuma abin da ya kwana yana so ta faɗa tun ranar da aka sayi motar. Ya ga kansa a kujerar gaba, hannu a waje, Tawa tana zuwa, Abalak tana zuwa. Ransa ya tafi har ya kai. Sannan ya tuna maganin da ake ɗiga masa safe da yamma, da yadda ko bayan gida sai an riƙe masa hannu, da yadda za ta bar garke tsaye a rana ta zo ta duba ko tsoho ya sha ruwa.

"A'a," ya ce. "Na ja kaya iyakar rayuwata. Ba zan ƙare ina kaya a motar wani ba, ko da taki ce."

"Kaka..."

"Na ce a'a. Yau na tuƙa. Ban zaci zan sake ba kafin a tuƙa ni. Ya isa." Ya share fuska da hannun riga. "Amma zan aike ki."

"Cuku?"

"Da me zan tauna? Saurara. In kin wuce Abalak, kafin mararrabar Ingal, akwai wani tudu inda itatuwa suke ƙarewa, sai ciyawa iyakar gani. Sau ɗaya tak kakarki Tabawa ta bi ni tafiya, muna da ƙuruciya. A nan ta ce in tsaya in kashe mota. Na ce mata kaya nake ɗauke da su, ta ce kayan su jira. Muka tsaya. Iska tana bi ta cikin busasshiyar ciyawa, wani sauti take yi, ban san yadda zan faɗa miki ba. Tabawa ta ce ashe abin da yake hana ni zama gida ke nan, ta yafe mini. Na bi ta wurin bayan nan ban san iyaka ba, kullum ina sauri, ban sake kashe mota ba." Ya ajiye kofin. "Ki tsaya a nan. Ki kashe injin. Ki kira ni, ki ɗaga salular sama, kar ki ce komai. In kin iya rufe bakin nan naki."

Ya ji ta ja hanci.

"Ba lalle a samu rezo a can ba," ta ce. "Sai dai in ɗauko maka a waya, in na shiga gari in turo."

"Ka ji zamani. Iskar ma a gwangwani za a kawo mini."

"In ba ka so..."

"Wa ya ce ba ya so? Ki ɗauko da yawa."

Sai ya kai hannu ya fara warware rawaninsa. Tsohon rawani ne, ya sha wanki har ya yi laushi kamar auduga. Ya warware shi duka, ya naɗe, ya lalubo hannunta ya danƙa mata.

"Ragar tagoginki ta sauro ce. In guguwa ta taso kina tsakiyar garke, wannan za ki ja ki rufe hanci. Ya san hanya, ko kin ɓata shi ba zai ɓata ba."

Ta karɓa. Ya ji ta kai shi fuska, ta daɗe a haka. Yana jiran godiya, yana kuma tsoronta, don in ta ce masa sannu Kaka, to shi ke nan, ita ma ta shiga sahun masu ta'aziyya.

"Subhanallahi," in ji Latifa, muryarta tana rawa. "Ashe abin da kake ɓoyewa ke nan shekara da shekaru? Wannan ai ƙwarya ce aka kife. Da na san haka kan yake, ko zancenka ba zan fito ba."

Dariya ta ƙwace masa, ta fito tun daga ciki, har ta koma tari, har sai da ta bubbuga masa baya. Ya ɗaga hannu biyu sama.

"Kin ci, ja'ira. Kin ci. Motarki mota ce, ke kuma shofer ce, Allah ya isa tsakanina da wanda ya koya miki. Kai ni gida in faɗa wa uwarki na ce to."

Ta mai da wa tayoyi iskarsu, ta zaunar da shi gaba, ta ja ɗamara ta ɗaure shi. Injin ya tashi. Malam Ɗanjuma ya fidda hannu ta taga, rana tana dukan tsakar kansa.

"Latifa."

"Na'am, ƙwarya?"

"Azahar da saura. Ki bi da ni ta doguwar hanya."